Sankarar kai da wuya: Dalilin yin gashi bayan tiyata

Ga mutane da dama da aka yi wa tiyatar cire sankara a baki, ko harshe, ko maƙogwaro, fitowa daga ɗakin tiyata ba shi ne ƙarshen jinya ba.

Makonni kaɗan bayan an ɗinke raunin, likitoci kan buƙaci majinyacin ya koma asibiti domin a fara yi masa gashi da wani haske mai ƙarfi, wanda a likitance ake kira radiyoterafi.

Wannan mataki yakan ɗaure wa majinyata da danginsu kai, tunda an riga an shaida musu cewa an cire ƙarin baki ɗaya. Wasu kan ɗauka cewa tiyatar ce ba ta yi nasara ba, wasu kuma kan jinkirta zuwa har sai sun tara kuɗi ko sun ƙara samun ƙarfin jiki.

Sai dai binciken da aka shafe fiye da shekaru 60 ana yi ya nuna cewa amfanin gashin ya dogara ƙwarai a kan fara shi da wuri, da kuma kammala shi ba tare da tsaiko ba.

Mece ce sankarar kai da wuya?

Suna ne da likitoci suka bai wa rukunin cututtukan sankara, ko kansa, ko ciwon daji, da ke tasowa a leɓe, da harshe, da dasashi, da ganda, da cikin kunci, da maƙogwaro, da akwatin murya, da kogon hanci, da kuma gaɓoɓin da ke samar da yawu. Sankarar ƙwaƙwalwa da ta ido ba sa cikin wannan rukuni.

Kimanin kashi 90 cikin 100 na waɗannan cututtuka suna farawa ne daga siririyar fatar da ta lulluɓe cikin baki da maƙogwaro.

Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane fiye da 900,000 ne suka kamu da ire-iren wannan cuta a duniya, yayin da fiye da 450,000 suka rasu.

Manyan abubuwan da ke haddasa ta su ne taba, ta busawa ko ta taunawa, da kuma barasa. A Indiya da maƙwabtanta, taunar ƙwallon areka da ganyen betel na daga cikin manyan dalilai, kuma wannan ƙwallo daban yake da goron da aka sani a Afirka ta Yamma.

Haka kuma ƙwayar cutar HPV tana haddasa sankarar bayan harshe da saman maƙogwaro, yayin da ƙwayar cutar Epstein-Barr ke da alaƙa da sankarar bayan kogon hanci.

Ita sankarar bayan kogon hanci, galibi ba a fara mata da tiyata, saboda wurin yana da wuyar kaiwa kuma gashi yana cin ta sosai. A sankarar cikin baki kuwa, tiyata ce kan zo da farko.

Idan an cire ƙarin, me gashin zai kashe?

Likitan tiyata yana cire abin da idonsa ya gani ne, da abin da hannunsa ya taɓa, da abin da hoton asibiti ya nuna.

Amma ƙwayoyin sankara ƙanana ne matuƙa. Miliyoyinsu na iya taruwa a wuri guda ba tare da ido ko na'urar ɗaukar hoto ta gano su ba. Suna iya maƙalewa a gefen wurin da aka yanke, ko su bi jijiya, ko su shiga kaluluwar wuya.

Idan aka bar su, za su ci gaba da hayayyafa har su zama sabon ƙari. Sankarar da ta dawo bayan tiyata kuwa ta fi ta farko wuyar magani.

Hasken gashin yana lalata sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin, ta yadda ba za su iya rabuwa su hayayyafa ba. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki ma hasken yana taɓa su, amma sun fi na sankara iya gyara kansu tsakanin gashin yau da na gobe. Wannan ne ya sa ake rarraba gashin kaɗan-kaɗan a tsawon makonni, maimakon a yi shi gaba ɗaya a rana guda.

Yadda aka faro

A shekarar 1895 ne masanin kimiyyar nan na Jamus, Wilhelm Rontgen, ya gano hasken da a yau ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, kuma ba a daɗe ba likitoci suka fara gwada shi a kan sankara.

A shekarun 1920, likitoci biyu a birnin Paris na Faransa, Claudius Regaud da Henri Coutard, suka nuna cewa ana iya warkar da sankarar maƙogwaro idan aka rarraba gashin zuwa kashi-kashi.

An fara amfani da na'urar gashi ta sinadarin kobalt a Kanada a 1951, sannan a 1953 aka fara jinyar mutane a birnin Landan da na'urar da ke samar da hasken daga wutar lantarki, wadda ake kira linak. Irin wannan na'ura ce ta fi yawa a asibitocin duniya a yau.

A 1957, William MacComb da Gilbert Fletcher na cibiyar MD Anderson da ke birnin Houston na Amurka suka wallafa sakamakon haɗa tiyata da gashi a tsare. Wani bincike da aka fara a Amurka a 1973 ya kwatanta yin gashi kafin tiyata da yin sa bayanta, inda aka gano cewa na bayan tiyata ya fi hana cutar dawowa a wurin da ta fara.

Su wa ke buƙatar gashi?

Ba duk wanda aka yi wa tiyata ne ke buƙatarsa ba. Ƙaramar sankara da aka gano da wuri, aka kuma cire ta tas, sau da yawa tiyata kaɗai ta wadatar.

Abin da ke raba gardama shi ne rahoton ɗakin gwaje-gwaje. Bayan tiyata akan aika naman da aka cire, da kaluluwar da aka ɗebo daga wuya, ga likitan da ya ƙware wajen binciken tsoka, domin ya duba su da madubin ƙara girman abu.

Galibi akan ba da shawarar gashi idan ƙarin babba ne ko ya ci ƙashi, ko cutar ta shiga kaluluwa fiye da ɗaya, ko ta bi jijiyoyin saƙo ko na jini, ko kuma tazarar da ke tsakanin ƙarin da bakin yankan ba ta kai yadda ake so ba. A sankarar baki, tazarar da aka fi amincewa da ita ita ce milimita biyar.

Akwai kuma alamomi biyu da likitoci ke ɗauka a matsayin mafi haɗari. Ta farko ita ce a samu ƙwayoyin sankara a daidai bakin wurin da wuƙa ta bi. Ta biyu kuma ita ce cutar ta fasa ɓawon kaluluwa ta fantsama cikin naman da ke kewaye.

Saboda haka yana da muhimmanci majinyaci ko danginsa su karɓi kwafin wannan rahoto su adana, musamman idan a wani asibiti dabam za a yi gashin.

Yaushe ake haɗawa da allurar kemo?

A shekarar 2004, mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wasu manyan bincike biyu da suka sauya yadda ake jinyar wannan cuta.

Na farko an yi shi ne a Turai a kan majinyata 334. An raba su gida biyu: wasu aka yi musu gashi kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu da maganin kemoterafi mai suna cisplatin. Bayan shekaru biyar, kashi 53 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa magungunan biyu suna raye, idan aka kwatanta da kashi 40 na waɗanda aka yi wa gashi kaɗai.

Na biyu an yi shi ne a Amurka a kan majinyata 459. Bayan shekaru biyu, cutar ba ta dawo a kai da wuya ba ga kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa, a maimakon kashi 72. Sai dai munanan illolin jinya sun ƙaru daga kashi 34 zuwa kashi 77 cikin 100.

Da aka haɗa sakamakon binciken biyu a 2005, an gano cewa waɗanda suka fi cin gajiyar ƙarin allurar su ne masu alamomin nan biyu mafiya haɗari.

Akan ba da maganin sau uku, mako uku-uku, a tsawon lokacin gashin. Wani bincike da aka yi a Japan, wanda aka wallafa a 2022, ya nuna cewa bayar da shi kaɗan-kaɗan kowane mako bai gaza wancan tsari ba, kuma ya fi sauƙi ga jiki.

Cisplatin na iya taɓa ƙoda da ji, don haka ba kasafai ake bai wa masu ciwon ƙoda, ko masu matsalar ji, ko tsofaffin da suka haura shekaru 70 ba.

A watan Yunin 2025, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙara maganin pembrolizumab, mai zaburar da garkuwar jiki, kafin tiyata da bayanta ga wasu majinyata. Sai dai maganin yana da tsada ƙwarai, kuma ana ba da shi ne tare da gashin.

Me ya sa ake cewa makonni shida?

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a fara gashi kafin cikar makonni shida da yin tiyata.

Dalili kuwa shi ne ragowar ƙwayoyin sankara ba sa jira. Da zarar an cire babban ƙarin, waɗanda suka rage kan ci gaba da hayayyafa cikin sauri, kuma duk makon da ya wuce yana ƙara yawan abin da gashin zai kashe.

Wani bincike da cibiyar MD Anderson ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2001, ya auna tsawon lokaci daga ranar tiyata zuwa ranar gashin ƙarshe ga majinyatan da ke cikin haɗari sosai.

Ga waɗanda suka kammala komai cikin ƙasa da makonni 11, cutar ba ta dawo a wurin ba ga kashi 76 cikin 100 bayan shekaru biyar. Ga waɗanda suka ɗauki makonni 11 zuwa 13, adadin ya sauka zuwa kashi 62. Waɗanda suka haura makonni 13 kuwa, kashi 38 ne kawai.

Cika wannan ƙa'ida yana da wuya ko a ƙasashe masu arziki. Wani nazari da aka wallafa a 2017 a kan majinyata fiye da 47,000 a Amurka ya gano cewa fiye da rabinsu ba su fara gashi a kan lokaci ba.

Abubuwan da kan jawo jinkiri sun haɗa da rashin warkewar rauni da wuri, da jiran rahoton gwaji, da cire haƙora, da dogon layi a wurin na'ura, da nisan asibiti, da kuma rashin kuɗi.

Shi ya sa masana ke ba da shawarar a haɗa majinyaci da likitan gashi da likitan haƙori tun kafin a shiga tiyata. Idan kuma makonni shidan sun riga sun wuce, gashin yana da sauran amfani, don haka ba a fasa shi.

Yadda ake yin gashin

Da farko likitan haƙori zai duba bakin. Haƙoran da suka lalace akan cire su kwanaki 10 zuwa 14 kafin a fara, domin cire haƙori bayan gashi na iya jawo ruɓewar ƙashin muƙamuƙi.

Daga nan sai a ƙera wa majinyacin wani abin rufe fuska na roba mai huji-huji. Akan ɗumama robar har ta yi laushi, a shimfiɗa ta a kan fuska da wuya, ta sandare daidai da siffarsa. Aikinta shi ne hana kai motsi, domin hasken ya riƙa sauka a wuri guda kullum.

Sai a ɗauki hoton sikanin yana sanye da robar. A kan wannan hoto likita zai zana wuraren da za a gasa, da waɗanda za a kare, kamar laka, da ido, da gaɓoɓin yawu. Lissafin da ake yi da kwamfuta kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Ana auna ƙarfin gashin da ma'aunin Gray, wanda aka raɗa wa sunan masanin Birtaniya Louis Harold Gray. Bayan tiyata akan ba da Gray 60 zuwa 66, wato Gray biyu a kullum, Litinin zuwa Juma'a, sau 30 zuwa 33, cikin makonni shida zuwa shida da rabi.

Kowane zama kan ɗauki minti 15 zuwa 20, kuma mafi yawansa yana tafiya ne wajen daidaita kwanciyar majinyacin. Duk da sunan gashi, babu wuta, kuma ba a jin zafi ko wani abu a lokacin da na'urar ke aiki.

Haka kuma hasken ba ya zama a jiki. Majinyaci zai iya cin abinci da iyalinsa, ya ɗauki yara, ya shiga sahun salla ba tare da ya cutar da kowa ba.

Tsallake kwanaki yana rage ƙarfin jinyar. Idan aka rasa wata rana saboda rashin lafiya ko lalacewar na'ura, likitoci kan rama ta ranar Asabar, ko su yi gashi sau biyu a rana da tazarar aƙalla sa'o'i shida.

Illolin da ake fuskanta

Daga mako na biyu ko na uku, cikin baki da maƙogwaro kan yi ja su fara gyambo, haɗiya ta yi wuya, yawu ya yi kauri, ɗanɗanon abinci ya gushe. Fatar wuya kan yi duhu ko ta saɓule, gemu ko gashin da ke wurin ya zube, ga kuma gajiya.

Waɗannan illoli kan tsananta a ƙarshen jinya da mako ɗaya ko biyu bayanta, sannan su fara lafawa. A wannan lokaci ne majinyata da yawa ke tunanin dainawa, alhali akwai magungunan rage zafi masu ƙarfi da likita zai iya rubutawa.

Ramewa babbar matsala ce, domin tana raunana jiki, kuma tana sa robar fuskar ta yi sako-sako. Akan shawarci majinyaci ya riƙa cin abinci mai laushi da gina jiki, kamar kunun gyaɗa, da koko da madara, da ƙwai, da nono, ya guji yaji da abinci mai zafi ko tsami. Idan haɗiya ta gagara, akan sa bututun abinci ta hanci ko ta ciki na ɗan lokaci.

Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi sau da yawa a rana yana taimakawa. Ana iya wanke fatar wurin a hankali, har da alwala, amma ba tare da gurzawa ba, kuma kada a shafa wani mai ko maganin gargajiya sai da izinin likita.

Likitoci ba sa ba da shawarar yin azumi a lokacin gashi, musamman ga mai karɓar cisplatin, wanda ƙodarsa ke buƙatar ruwa sosai. Shari'ar Musulunci ta yi wa marar lafiya rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya.

Ci gaba da shan taba a lokacin gashi yana rage tasirinsa, yana kuma tsananta gyambon baki.

Akwai kuma illolin da kan daɗe ko su bayyana bayan watanni ko shekaru: bushewar baki, da lalacewar haƙora, da sandarewar wuya da muƙamuƙi, da wahalar haɗiya, da raunin halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.

Sabbin na'urori masu iya lanƙwasa hasken daidai da siffar wurin sun rage wasu daga ciki. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan jinya, kashi 38 cikin 100 ne ke fama da bushewar baki mai tsanani da sabuwar hanyar, a maimakon kashi 74 da tsohuwar.

Halin da ake ciki a Afirka

Kimanin rabin masu sankara kan buƙaci gashi a wani mataki na jinyarsu, amma na'urorin sun yi ƙaranci a nahiyar Afirka.

A watan Fabrairun 2022, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a birnin Addis Ababa domin taimaka wa ƙasashe su samu na'urorin, inda ta ce ƙasashen Afirka fiye da 20 ba su da ko guda a lokacin. Nijar da Chadi na cikin ƙasashen farko da aka sa a shirin.

Nijar ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a birnin Yamai a 2021. A Najeriya an kafa sassan gashi a wasu manyan asibitoci, ciki har da na koyarwa da ke Zariya, da Sakkwato, da Ibadan, da Legas, da kuma Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A watan Yulin 2025 aka buɗe sabbin cibiyoyi a Katsina, da Enugu, da Benin.

Duk da haka, majinyata da yawa sai sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, sun kuma nemi masauki na kusan wata biyu. Saboda haka yana da kyau iyali su tanadi kuɗin jinya, da masauki, da mai zaman jinya, tun lokacin da aka sa ranar tiyata.

Wata matsalar kuma ita ce imanin da ya yaɗu a tsakanin jama'a cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura, abin da ke sa wasu su ƙi zuwa asibiti sai cutar ta yi nisa.

Bayan an kammala

Mafi yawan sankarar da ke dawowa tana dawowa ne cikin shekaru biyun farko. Don haka akan riƙa ganin likita duk bayan wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, sannan a riƙa tsawaita tazarar har zuwa shekaru biyar.

Akan kuma buƙaci gwajin jini na halittar maƙoƙo sau ɗaya ko biyu a shekara, da goge haƙora da man da ke ɗauke da sinadarin fulorayid, da atisayen buɗe baki da haɗiya. Wajibi ne majinyaci ya shaida wa duk likitan haƙorin da ya je wurinsa cewa an taɓa yi masa gashi.

Likitoci na jan hankalin jama'a da su je asibiti idan gyambon baki, ko dishewar murya, ko kumburi a wuya ya wuce makonni uku bai warke ba. Sankarar da aka gano tana ƙarama ita ce wadda ake iya warkarwa da tiyata kaɗai, ba tare da an kai ga gashi ba.